Kaset Ɗin Turaren Hajja

Haɗejiya, 9 ga Maris, 2005

Yaya Kamila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da su Adila. Yaya aiki, yaya Kaduna? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya shigo da wuri. Maigidana Haris yana gaishe ki. Hajja kuwa jiki sai a hankali. Ƙafa ta daina ɗaukarta, muryar ma ta fara shaƙewa. Amma hancin nan nata yana nan daram. Jiya daga kan gado ta gane an zarce da sukari a tukunyar turare, alhali tukunyar tana can bayan gida.

Abin da ya sa na rubuto, shawara nake nema, kuma a duk dangi ke ce kika san kwamfuta ciki da waje. Tun bayan babbar Sallah Hajja ta fara faɗa min haɗe-haɗen turarenta, na wuta da humra, har da waɗanda take rufe ƙofa in za ta yi su. Kullum da hantsi nakan ɗauko kwamfutar shagon Haris zuwa ɗakinta, tana faɗa ina bugawa, muna kuma ɗaukar muryarta. Mun kai haɗi ashirin da bakwai, ta ce saura goma sha huɗu. Kin san ƙa'idar gidan nan: haɗin hannu ɗaya yake zama. Haka ta karɓa daga gwaggonta a Guri, ba a ba wa mutum biyu. Ni kaina na yi mamaki da ta zaɓe ni, tunda ke ce jikarta ta jini, ni kuwa jikar ƙanen mijinta ce da aka kawo riƙo ina 'yar shekara shida. To amma haka Allah ya so.

Matsalar ita ce kwamfutar ta fara wani ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, in an kunna ta. Haris ya ce babban faifan da ke cikinta ne yake shirin mutuwa, in ya mutu kuwa da komai zai tafi. Na juye rubutun a ƙananan faifan nan na fulofi guda biyu, da na dawo bayan sati uku ɗaya ya ƙi buɗewa. Muryar ma ba ta shiga fulofi, ta yi masa girma. Haris ya je Kano, wani mai shago ya baje masa kaya: na'ura mai rubuta faifan sidi, da ɗan filashi kamar yatsa, da wata na'urar ta gwanjo mai ajiya a kaset. Ya dawo kansa a ɗaure. Wanne za mu saya?

Ki ba Malam Buba direba amsa, ranar Talata yake juyowa. Ba maganar waya ba ce, wayar Haris kullum a shago take cikin mutane.

Ƙanwarki,
Safara'u

Kaduna, 4 ga Afrilu, 2005

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, muna lafiya, Adila ce ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warware. Allah ya ba Hajja sauƙi. Ki gaida Haris.

Talata uku Malam Buba yana zuwa yana komawa hannu rabbana, ba don ba ni da amsa ba. Amsarki ta minti biyar ce. Abin da ya riƙe ni shi ne layin nan da kika ce kin yi mamaki. Ni ma na yi. Ina 'yar shekara goma sha biyar na durƙusa gaban Hajja na roƙe ta ta koya min haɗin da take wa amare, ta kama hancina ta ce bai nuna ba tukuna. Ashe naki ne ya nuna. Ni ce nake tafiya fadama tono mata kajiji lokacin da ke kina tsoron laka, amma ba komai. Kuma ba sai kin tuna min ni ce jikarta ta jini ba, na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

To ga shawarar, tunda ita kika tambaya. Fulofi ki ba yara su yi wasa da shi, ba wurin ajiye abu mai daraja ba ne. Filashi yana da daɗin ɗauka, rubutun zai shiga har da rara, amma muryar ba za ta shiga duka ba, kuma abin da ya kai yatsa ƙanƙanta ranar da kika fi bukatarsa ranar zai ɓata a cikin wanki. Kaset kuwa aikin ofis ne. A wurin aikinmu da shi muke ajiya duk Juma'a, don yana cin kaya da yawa, komai na kwamfutar sai ya haɗiye. Amma yana da nawa, ba ya son damshi, kuma ba ya buɗuwa sai da irin na'urar da ta rubuta shi. Ke da duk kayanki ba su wuce faifai biyu ba, me ya kai ki?

Ki sayi mai rubuta sidi. Faifan yana da araha, in an rubuta ba ya goguwa, kuma kowace kwamfuta tana karanta shi. Ki yi kwafi uku. Kowanne ki kai shi wata kwamfutar ki buɗe ki gani da idonki, kada ki yarda don na'ura ta ce ta gama. Ki sa su a gidansu na roba, ki nisanta su da rana da hayaƙin kasko.

Abu mafi muhimmanci kuma, ɗaya dole ya bar Haɗejiya. Ajiyar da take ɗaki ɗaya da kwamfutar ba ajiya ba ce, abin da ya ci wannan shi zai ci waccan. Kin fi ni sanin yadda kogin nan yake in damina ta yi nisa. Ki aiko min da ɗaya in sa a durowar ofis.

Wannan sakin layin na Hajja ne, ki karanta mata: Hajja, Kamilarki ce. Ina kewarki, ina kewar ƙamshin ɗakinki. Da zarar an ba ni hutu zan zo in matsa miki ƙafa. Ki yafe min daɗewar da na yi.

Yayarki,
Kamila

Haɗejiya, 2 ga Mayu, 2005

Yaya Kamila,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Adila ta ƙara ƙwari. Hajja tana nan yadda kika sani, yau da sauƙi gobe babu. Na isar da gaisuwarki.

Na karanta takardarki sau uku. Karon farko na ce kai, Yaya ta san aikinta. Na biyu na tsaya a kan “kowace kwamfuta tana karanta shi”. Na uku na haɗa shi da “ki aiko min da ɗaya”, sai na gane inda aka dosa. Haba Yaya! Na'ura na tambaye ki, ba magajiya nake nema ba. Abin da Hajja ta hana ki da bakinta shi ne kike so in sa a ambulan in ba direba ya kawo miki har ofis?

Kin yi maganar kajiji. Gaskiya ne, kin tono, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Tun daga nan fa? Ni ce mai yi mata wanka, ni ce mai juya ta, ni ce mai wankin zannuwa. Amma duk baƙon da ya shigo sai ta sa a sauko da hotonki na gama jami'a ta nuna masa, “jikata ce, injiniyar kwamfuta ce a Kaduna.” Ni ina tsaye da kwanon kunu a hannu. Ke kin samu boko, kin samu ofis mai sanyi, kin samu hoto a bango. Abu ɗaya tak da ta ba ni, shi ma idonki yana kai.

To na yanke shawara, kuma ke ce kika taimaka min. Na sa Haris ya koma Kano ya sayo na'urar kaset ɗin. Abin da kika kira aibinta shi ne ya burge ni: ba ya buɗuwa sai da irin na'urar da ta rubuta shi. Mai shagon ya rantse wa Haris cewa daga Kano har Nguru babu mai irinta, ita kaɗai ta zo a cikin kayan. Ko kaset ɗin ya faɗi a kasuwa, wanda ya tsinta bai tsinci komai ba. Hannu ɗaya kenan, yadda Hajja ta ce.

Tana da nawa kam, ba ki yi ƙarya ba, in na kunna ta sai in dafa shinkafa in sauke ba ta gama ba. Amma ta ajiye komai. Kaset biyu na yi, duk Juma'a ina sabunta su kamar yadda kuke yi a ofis. Ai mu ma muna koyo.

Safara'u

Kaduna, 23 ga Mayu, 2005

Safara'u,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Hajja sauƙi.

Da na karanta takardarki dariya na fara yi, daga baya na ji kamar in yi kuka. Kin gina ɗaki, kin sa masa ƙofar ƙarfe, kin yi mukulli ɗaya tak a duk ƙasar, sannan kin rataye mukullin a jikin ƙofar. In na'urar ta lalace fa? Ta gwanjo ce, waɗanda suka yi ta ma sun daina yin irinta. Kaset dubu in kika yi, ranar da ta tsaya duk sun zama roba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushi, kuma ina son in san abin da ke cikin haɗin nan, tun ina yarinya nake so. Amma shawarar da na ba ki ita zan ba kowa, ko maƙiyina ne. In ba ki yarda da ni ba, ki yi sidi ɗaya ki liƙe shi ki kai garin Malam Madori wurin Kawu Abdulmannan, shi ko kunna rediyo sai an taya shi. Ba sai ya zo hannuna ba.

Hutun da na nema ba a ba ni ba. Hajja ba ta ce komai ba da kika karanta mata? Ko kalma ɗaya ba ki rubuto min ba. In ta yi fushi ne ki gaya min.

Daga yau na cire bakina a maganar ajiyarki. Ki yi yadda kika ga dama, kayanki ne.

Kamila

Haɗejiya, 12 ga Satumba, 2005

Yaya Kamila,

Assalamu alaikum. Yaya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Hajja, ya sa ta huta. Kwana uku kika yi a gidan nan lokacin rasuwar, ba mu haɗa ido ba sai a wajen gaisawa. Ban amsa takardarki ta Mayu ba, na sani. Yau ma ba don dole ba da kunya ba za ta bar ni in ɗauki biro ba.

Kin ji labarin ruwa a rediyo. Ranar Larabar ƙarshen watan jiya bayan la'asar jingar bayan unguwarmu ta ɓalle. Maza suna can suna ta jera buhunan yashi tun safe, Haris yana cikinsu, sai kawai muka ga ruwa yana shigowa ta lungu kamar an kora shi. Kafin in kwashe yara in kai su makarantar firamare ya kai gwiwa. Na dawo da gudu, ya kai ƙugu. Shagon Haris kin san a ƙasa yake. Kwamfutar da na'urar kaset ɗin suna kan tebur ɗaya, teburin ma ya kife. Da ruwan ya janye bayan kwana huɗu, Haris ya buɗe su, laka ce cike har da ƙananan kifi a ciki. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba a gidanmu, amma shinkafar fadama ta tafi duka.

Kaset ɗin biyu suna nan. Suna cikin kwallar Hajja a saman sif, ko ɗigo bai taɓa su ba. Na ɗauko su ina murna ina hamdala, sai da na zauna sannan na tuna ba ni da abin da zan buɗe su. Haris ya je Kano sau biyu. Mai shagon ya ce ai ya gaya mana tun farko ita kaɗai ce.

Yaya, haɗi arba'in da ɗaya ne. Na zauna na rubuta abin da na haddace, goma sha shida na samu, su ma ina kokwanton wasu. Na amare ba ya ciki, sau ɗaya ta faɗe shi, ranar muryarta ta yi ƙasa sosai, na dogara da cewa an ɗauka. Ga mata uku sun riga sun yi min maganar bikin bayan Sallah.

Ga kaset ɗaya nan na ba Malam Buba, na naɗe shi a leda da tsumma. Kin ce da kaset kuke aiki a ofis, ƙila ki san inda za a samu irin na'urar. Na san in kika buɗe za ki gani. Ba ni da bakin da zan ce kada ki duba. Abin da kika faɗa ne ya faru, ki faɗa min duk maganar da kika ga dama, na cancanta. Ki dai taimake ni don darajar wadda ta rene mu.

Ƙanwarki,
Safara'u

Kaduna, 14 ga Nuwamba, 2005

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ya mai da muku alherin abin da ruwa ya ci. Muna lafiya. Na san wata biyu kina zuwa tasha kina tambayar Malam Buba, ya gaya min. Ga dalilin shirun, kuma ba mai daɗi ba ne.

Na'urarmu ta ofis ba irin taki ba ce. Sai da na zaga gari sati biyu, sannan na samu wani tsohon mai gyara da yake da irinta a ƙarƙashin tarkace. Muka share ta, muka haɗa, ta yi ta gurnani kusan awa biyu. Kaset ɗinki lafiyarsa lau. Komai ya fito, rubutu da murya, tun ranar ashirin da takwas ga Satumba.

Na duba. Ba zan ce miki don in tabbatar ya buɗe na duba ba, karantawa na yi daga na ɗaya har na arba'in da ɗaya. Sannan na saurari muryar, awa goma sha ɗaya, ina neman inda Hajja ta ambaci sunana. Wuri ɗaya na samu. Kwamfuta tana rubuta ranar da aka ɗauki kowace murya, wannan ta goma ga Mayu ce. Kuna cikin haɗin halut sai ta tsaya ta ce, “Safara'u, har yanzu Kamila ba ta aiko ba?” Ke kuma kika ce, “Ba ta aiko ba Hajja, aiki ya yi mata yawa. Mu ci gaba.” Sai ta ce, “To.” Takardata tana hannunki fiye da wata guda a ranar. Na nemi gafararta a ciki, Safara'u. Ta tafi tana zaton ko layi ɗaya ban iya rubuto mata ba.

Na mai da wurin baya na saurara ban san sau nawa ba. Daga nan na yanke abin da zan yi. Na ce zan rubuto miki cewa damshi ya shiga kaset ɗin, bai buɗe ba, Allah ya ba mu haƙuri. Wa zai ƙaryata ni? Na biyun da ke wurinki ba ki da abin buɗe shi. Sai haɗin ya zauna a hannu ɗaya kamar yadda kike so, hannun jikarta. Har na rubuta takardar, tana cikin jakata duk tsawon azumi.

Cikin goman ƙarshe na shiga kasuwa na sayo hawi da sandal da farce da duk abin da aka lissafa, na ce bari in yi na amare, wanda aka ce hancina bai nuna ba. Nan na ci karo da abin da ban lura da shi ba wajen karatu. Babu awo ko ɗaya na cokali ko gwangwani. “Cikin tafinki biyu.” “Abin da yatsunki uku suka ɗauka.” “Ki sauke in ya kai ƙamshin da na nuna miki ranar Talata.” A muryar ma ana jin ta tana cewa, “Miƙo hannunki in gani, a'a, rage, yawwa, haka.” Da hannunki ta auna komai. Na gwada da nawa sau uku. Na farko ya ƙone, na biyu ya yi ɗaci, na uku maigidan ya shigo ya tambaya ko wayar wuta ce ta kama.

Ga sidi uku nan, kowanne da rubutun da muryar, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta biyu. Ɗaya ki riƙe, ɗaya ki kai Malam Madori, ɗayan ki kai duk inda kika so, ban da ɗakin da kwamfuta take. Na huɗu yana durowata, kuma ba izininki nake nema ba. Na amare shi ne na talatin da takwas, ki fara da shi tunda mata suna jiranki.

Kada ki rubuto kina min godiya, kada kuma ki rubuto kina ba ni haƙuri, ban shirya karɓar ko ɗaya ba tukuna. Kuma kada ki ɗauka kirki ne ya sa na aiko. Da turaren nan ya yi ƙamshi a hannuna, wallahi ban san wace takardar Malam Buba zai kawo miki ba.

Wassalam.

Yayarki,
Kamila